Yadda Ake Zaɓen Tayar Taɓo Don Mota Mai Fowil

Duk shekara idan damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, sai wani ya kira ni a waya yana ƙorafi cewa motarsa fowil ce amma ta kafe a hanyar gona, ko giya ce ta samu matsala? Mafi yawan lokuta giyar lafiyarta ƙalau. Idan ka je sai ka tarar tayar kwalta ce a ƙafar motar, laka ta cike zanenta ta koma sumul kamar bayan ƙwarya, ƙafafun huɗu suna ta juyi a wuri ɗaya. Aikin fowil shi ne ya raba ƙarfin inji ga ƙafa huɗu, amma kama ƙasa aikin taya ne.

Na daɗe ina shiga ƙauyuka da fadamu da Hilux da Land Cruiser. Na sayi tayar da na ji daɗinta, na kuma sayi wadda na yi da-na-sani. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda nake bi yanzu idan zan sayi tayar taɓo, wadda za ka ga an rubuta M/T a gefenta.

Tayoyin irin waɗannan motoci iri uku ne aka fi sani. H/T ta kwalta ce, zanenta a matse. A/T ta tsaka-tsaki ce, tana bin kwalta da burji da ɗan taɓon da bai yi zurfi ba. M/T kuwa haƙoranta manya ne, da rata mai faɗi tsakaninsu. Wannan ratar ita ce sirrinta: idan taya ta juya, tana lanƙwasawa tana watsar da lakar da ta maƙale, sai haƙoran su sake sauka ƙasa a buɗe su ciji sabon wuri. Tayar da ba ta iya kakkaɓe kanta, juyi biyu za ta yi ta cika.

Kayan da za ka tanada

- Littafin motar, ko sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda ke nuna girman taya da iskar da kamfani ya tsara.
- Tef na awo.
- Gejin iska naka na kanka. Kar ka dogara da na bakin titi, da yawansu sun daɗe da daina faɗin gaskiya.
- Gejin auna zurfin zane. Idan babu, tsinken ashana da rula sun isa: ka tura tsinken cikin rami, ka riƙe da farce daidai saman haƙori, ka aza a kan rula.
- Tocila da alli.
- Waya, don lissafi da ɗaukar hoton lambobin taya.
- Mai facin da yake da injin cire taya da na balansin. Tayar M/T gefenta da tauri, idan aka tasar mata da guduma da ƙarfen ɓamɓara ana iya lahanta bakinta tun kafin ta taka ƙasa.

1. Fara da lissafin hanyarka, ba da kasuwa ba

Zauna ka tuna tafiye-tafiyenka na shekarar da ta wuce. Cikin kowace tafiya goma, nawa ne a kwalta, nawa a burji, nawa a taɓo na gaske? A ganina, wanda bakwai ko takwas cikin goma na tafiyarsa kwalta ce, kuma taɓon da yake haɗuwa da shi bai wuce 'yan kududdufan unguwa ba, A/T mai kyau ta fi masa. M/T tana da ƙara a kwalta, wani irin ƙugi da ke ƙaruwa yayin da take tsufa. Tana ƙara shan mai saboda nauyi. Abin da ya fi muhimmanci, birkinta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na A/T ba, don robar da ke taɓa titi ba ta da yawa. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna da ruwan sama ya san wannan ba abin wasa ba ne.

Sannan taɓo ma iri-iri ne. Akwai baƙar laka ta firki da ke yankin Tafkin Chadi, wadda ke maƙalewa kamar ƙaro, ta dunƙule a taya har ta cika madigadi. Akwai jar laka mai santsi irin ta hanyoyin tsaunin Mambila, inda matsalar ba nutsewa ba ce, zamewa ce a hawa da gangare. Akwai kuma taɓon fadama, wanda wani wurin ƙasansa da tauri, wani wurin kuma babu gindi. Duk waɗannan wurin M/T ne. Amma idan hanyarka rairayi ce, irin ta arewacin Yobe ko wajen Diffa da Agadez, ka sani M/T tana tona rami da sauri idan ka ba ta wuta, gara A/T mai faɗi da aka rage wa iska.

Idan ka rasa inda ka faɗa, akwai wata a tsakani da ake rubuta wa R/T: tsakiyarta ta yi kama da A/T, kafaɗunta kuma na M/T.

2. Karanta lambar da kamfani ya sa wa motar

Ka duba sitikar ƙofa, kar ka duba tayar da ke jikin motar kawai, domin mai yiwuwa wanda ya riƙe ta kafin kai ya canza. A ce ka ga 265/65R17 112S. Lambar 265 faɗin taya ce da milimita. 65 na nufin tsayin gefen taya kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin. R tana nuna irin ginin tayar, 17 kuma girman rim ne da inci. 112 lambar nauyin da za ta iya ɗauka ce, S kuma iyakar gudunta. Za ka kuma haɗu da wani salon rubutu kamar 31x10.50R15: tsayin taya inci 31, faɗi inci 10.5, rim inci 15.

Ɗauki hoton sitikar ka tafi da shi kasuwa.

3. Girma: a nan mutane suka fi yin kuskure

Kowa yana son ya ga motarsa ta tashi sama da ƙatuwar taya. Gaskiya ne taya mai tsayi tana ɗaga gindin mota daga ƙasa, kuma ita kaɗai ce ke ɗaga tulun akzil, wanda shi ke fara zama a kan tudun tsakiyar hanya idan manyan motoci sun haƙa ramuka biyu. Ɗaga sifirin ba ya ɗaga wannan tulun. Amma ka yi lissafi kafin ka biya.

Ga yadda ake yi. Ka ninka faɗi da kason gefe, ka ninka biyu, ka tara da girman rim bayan ka mayar da shi milimita (inci ɗaya milimita 25.4 ne). Taya 265/65R17 tana ba da kusan milimita 776. Idan ka hau mataki ɗaya zuwa 265/70R17, za ka samu kusan 803. Bambancin milimita 27 ne, amma rabinsa kawai motar za ta tashi, wato wajen milimita 13. Malejinka kuma zai riƙa rage gaskiya: idan ya nuna 100, kana kan 103. Idan ka tsallaka zuwa 285/70R17, tsayin ya kai wajen 831, ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari. A nan ne mota ke fara nauyin tashi, kuloci yana shan wahala, birki yana ƙara nisa, taya kuma tana gogar jiki.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan. Na sa wa wata Hilux ƙatuwar taya don sha'awa, a fili lafiya lau, ranar da na ɗora buhunan taki na faɗa wani kwazazzabo da sitiyari a karye, sai ji na yi ƙarrr, haƙoran taya sun yage robar cikin madigadi sun lanƙwasa bakin ƙarfen. Tun daga nan ba na wuce mataki ɗaya sai idan an yi wa motar gyaran da ya dace.

Kafin ka biya kuɗin duka, ka roƙi mai shago a ɗaura guda ɗaya a gaba. Karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka leƙa da tocila, ka auna ratar da ta rage tsakanin taya da jiki, musamman ta bayan tayar wajen ƙasan ƙofa. Ka shafa alli a kafaɗar tayar, ka hau wani ɗan tudu da ƙafa ɗaya don sifirin ya matse, ka duba ko allin ya bar alama a wani wuri. Ka tuna M/T ta fi tayar kwalta mai lamba ɗaya da ita cika ido saboda kafaɗunta, kuma laka za ta buƙaci wurin wucewa. Ka gwada ta kuma a mazaunin safaya, don wasu motocin babbar taya ba ta shiga can ƙarƙashi.

4. Siririya ko mai faɗi

Wannan gardama ce da direbobi ba sa gamawa. Abin da na gani shi ne: idan taɓon yana da ƙasa mai tauri a ƙarƙashinsa, kamar burjin da ruwa ya jiƙa samansa, siririyar taya mai tsayi ta fi, don tana yanka lakar ta isa wurin da za ta kama. Shi ya sa tsofaffin Land Cruiser masu 7.50R16 ke wuce wuraren da motoci masu ado ke kafewa. Wanda ke son kwatankwacin wannan girman a salon zamani, 235/85R16 ta yi kusa da ita sosai. Idan kuwa taɓon marar gindi ne, mai faɗi ce ke taimakawa don tana shimfiɗa nauyi.

Yawancin hanyoyin ƙauyukanmu suna cikin rukuni na farko, saboda haka ban cika ba mutum shawarar ƙara faɗi ba. Idan ka nace, tabbatar faɗin rim ɗinka ya dace da tayar, kowane kamfani yana faɗin iyakar rim ga kowane girma. Idan kuma motarka tana da tsohon rim mai zobe, wanda ake sa wa tif, a bar wanda ya san aikinsa ya hura shi, kuma kar kowa ya tsaya a gabansa lokacin hurawa, zoben yana iya tashi ya kashe mutum.

5. Nauyi da ƙarfin jiki

Kar ka taɓa sauka ƙasa da lambar nauyin da ke sitika. 112 na nufin kilo 1,120 a kowace taya, 115 kilo 1,215, 121 kuma kilo 1,450. Idan ka ga lamba biyu kamar 121/118, ta farko ce taka, ta biyun ta motocin da ke haɗa taya biyu a gefe ɗaya ce.

Yawancin M/T suna da LT a gaban lambarsu, alamar an gina su don ɗaukar kaya. Za ka ga harafi C, D ko E, ko kuma 6PR, 8PR, 10PR. Masu sayarwa za su ce maka "wannan fulayi goma ce", amma ba wai shimfiɗa goma ce a cikinta ba, ma'aunin ƙarfi ne kawai. Wanda ke lodin hatsi, taki ko jarkokin ruwa, D ko E ta fi masa. Wanda motarsa ke tafiya kusan wayam, C ta ishe shi, domin E a ƙarƙashin mota marar kaya tana da tauri, kowane ɗan rami sai ka ji shi a ƙugunka.

Harafin gudu na M/T galibi Q ne, wato kilomita 160 a awa, ƙasa da S mai 180 ko T mai 190. A zafin watan Afrilu da kaya a baya, ko kusa da wannan iyakar bai kamata ka je ba.

6. Riƙe tayar da hannunka ka duba

Yanzu ka zo kan tayar kanta. Sa yatsa cikin ratar haƙora: a M/T ta gaske, a kafaɗa, yatsanka zai shiga a sake. Auna zurfin, sabuwa takan kai wajen milimita 14 ko fiye. Duba ko haƙoran kafaɗa sun gangaro kan gefen taya, kuma ɗaya ya fito ɗaya ya shiga. Su ne ke kama bangon rami su fitar da kai idan tsakiyar taya ta rasa abin kamawa. Duba ƙananan tudun roba a ƙasan ramukan, suna ture tsakuwa kar ta maƙale ta huda. Idan kana bin kwalta da damina, nemi wadda aka yi wa haƙoranta siraran tsagu, suna taimaka wa birki a ruwa.

Gefen taya shi ne inda aka fi yin asara a daji. Kututturen da aka sare a gona, ko kaifin dutse da ke ɓoye cikin laka, gefe suke tsagawa, kuma gefe ba ya facuwa facin da za a amince da shi. A jikin taya akwai ƙaramin rubutu da ke faɗin shimfiɗa nawa ce a gefe. Idan ka samu mai uku, ta fi mai biyu jure wannan wahalar.

Wasu tayoyin suna da kibiya da ke nuna inda za su riƙa juyawa. Suna aiki sosai a laka, amma suna da matsalar safaya, don gefe ɗaya kawai za ta dace da shi. Ni nakan kauce musu.

Sunayen da suka yi suna a wannan fanni sun haɗa da BFGoodrich KM3, Maxxis Razr MT, Toyo Open Country M/T, Cooper STT Pro da Yokohama Geolandar M/T. Akwai kuma masu sauƙin kuɗi daga Sin, irin su Comforser CF3000. Tun da Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a Najeriya wajen 2007 da 2008, kusan duk abin da za ka gani daga waje ya zo, farashi kuma dala yake bi. Don haka ka zagaya shago uku ko huɗu a rana ɗaya kafin ka yanke shawara.

7. Shekarun taya, da maganar tokumbo

Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 1824 na nufin mako na 18 a shekarar 2024. Wani lokacin gefe ɗaya kawai ake buga su, sai ka juya tayar. Ka duba kowace ɗaya, kar ka duba ta saman tari ka yarda da sauran. M/T ba ta da kasuwa kamar tayar ƙananan motoci, tana iya daɗewa a shago, wani lokacin a rana. Ni ba na sayen wadda ta haura shekara biyu a matsayin sabuwa. Shafa wurin lambar da yatsa, idan ka ji kamar an kankare ko an liƙa wani abu, ajiye ta.

Haska cikinta da tocila. Bi bakin tayar da hannu ka ji ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya cikin taya don rage kuɗin dako, abin da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ta sha kamawa, kuma wannan cusawar tana karya wayar baki ba tare da an gani daga waje ba.

Tokumbo kuwa, wato tayar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, dokar kwastam ta hana shigo da ita, amma kasuwa cike take. An wanke ta an shafa mata baƙin mai tana ƙyalli, mai saye yana yi wa rogo kallon kitse. M/T da ta cinye rabin haƙoranta ta rasa yawancin abin da ya sa ake sayenta, ƙarar kawai ta rage. Idan dole ta sa, auna zurfi a wuri uku, ƙi duk wadda ke da faci a gefe, kumburi, ko ƙananan tsagu a gindin haƙora. Da tsohuwar M/T, gara sabuwar A/T mai matsakaicin kuɗi.

8. Sayi biyar

Ƙafa huɗu dole su zama girma ɗaya, iri ɗaya, kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna. Idan ka sa fowil da tayoyi masu tsayi daban, gaba da baya suna jan juna, giyar rabon ƙarfi ce ke biya. A motocin da fowil ɗinsu kullum a kunne yake, irin su Prado da manyan Land Cruiser, abin ya fi tsanani. Safaya ma haka: ranar da za ka buƙace ta, kana tsakiyar laka ne.

Idan kuɗi bai kai biyar ba, sayi huɗu, ka ajiye mafi kyau cikin tsofaffin a matsayin safaya muddin girmansu ɗaya, ka cike ta biyar daga baya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne M/T biyu a baya, tayar kwalta biyu a gaba. Baya na turawa, gaba na zamewa, sitiyari ya zama ado.

9. Ɗaurawa

Sa a canza bawul sabo ga kowace. A yi balansin duka biyar, M/T takan ci dalmar da ake maƙalawa a rim don daidaita nauyi da yawa, amma idan wata ta nemi abin da ya wuce hankali, a sassauta ta a juya ta kan rim a sake gwadawa. A yi alaimen a ranar, domin manyan haƙora suna saurin cinyewa a karkace idan ƙafa ba ta daidaita ba, kuma idan suka fara ba sa gyaruwa. A ɗaure noti a gicciye, ka sake bin su da sifana bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

10. Iska

A kwalta ka fara daga abin da sitika ta ce, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. Tayar LT takan so ɗan ƙari a kan ta asali idan za ta ɗauki nauyi ɗaya. Lambar da ke gefen taya, kamar 65 ko 80 a ma'aunin iska na PSI, iyaka ce, ba abin da za a hura kullum ba, ko da mai faci ya ce haka ake yi. Don ka gane daidai, ja layin alli a gicciye kan zanen, ka yi 'yar tafiya a miƙe. Idan tsakiya kawai ya goge, iska ta yi yawa. Idan gefe biyu suka goge suka bar tsakiya, ta yi kaɗan.

A bakin taɓo nakan sauke iskar zuwa wajen PSI 22 ko 25, a rairayi 18. Ƙasa da 15 taya tana iya ficewa daga rim a kwana. Da zarar ka koma kwalta ka mayar da iskar, don taya mai ƙarancin iska idan ta haɗu da gudu da zafi fashewa take yi. Saboda haka ƙaramin famfon da ke aiki da batirin mota yana cikin kuɗin tayar. Idan ba ka da shi, famfon ƙafa ma yana yi, sai dai gumi. Idan babu ko ɗaya, kar ka sauke sosai, kuma ka lallaɓa a hankali har wurin mai faci na farko.

11. Makon farko da bayansa

Nemi wani taɓo kusa da gari, da wata motar a tare da igiyar ja, ka gwada. Sa ƙaramar giyar fowil, ka shiga da giya ta biyu da gudu daidai. Idan ka ji tana neman tsayawa, ɗan ƙara wuta don haƙoran su watsar da laka, kana kaɗa sitiyari kaɗan dama da hagu don kafaɗu su samu abin kamawa. Idan motar ta tsaya cak, ɗaga ƙafa nan take ka gwada baya, ci gaba da ba ta wuta binne ta zai yi har akzil. A jiƙaƙƙiyar kwalta marar mutane kuma ka gwada birki a gudu kaɗan, don ƙafarka ta san sabon nisan tsayawa.

Bayan kowace shiga laka, wanke cikin rim. Busasshiyar laka a can tana sa sitiyari rawa, har mutum ya zaci balansin ne ya lalace. Ka riƙa juya tayoyin gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, kana shigar da safaya cikin zagayen. Ni nakan rubuta malejin ranar juyin a ɗan kwali na maƙala bayan madubin rana, kuma idan zurfin haƙora ya sauka wajen milimita 6 ko 7 nakan bar su su ƙarasa rani a motar, in nemi sababbi kafin ruwan Yuni.